Fayin ɗin bayan gidanmu, shekara guda bayan aski

'Yan'uwa masu koyo, yau da safe na hau tsani na duba wuraren da na datse wa fayin ɗina (wato pine, itacen nan mai ganye kamar allura) rassa bara da hunturu. Bishiyoyi biyu ne a bayan gidanmu a Jos, irin na Karibiyan da ake dasawa a gandun daji a nan Filato. Rassa shida na cire. Uku na shafa wa mikinsu kwalta kamar yadda na ga wasu na yi wa mangwaro, sauran ukun na bar su haka saboda kwaltar ta ƙare.

Waɗanda na bari, ƙaron itacen ya tsattsafo ya lulluɓe su, ya daskare fari-fari, sabon ɓawo kuma ya fara naɗowa daga gefe kamar leɓe. Masu kwalta fa? Rana ta farfasa ta, ruwan damina ya shige ƙarƙashinta ya zauna. Da na ɓamɓare ɗaya da farce, sai ga itacen ya yi baƙi, ya yi laushi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da hannuna na jawo masa. Ashe tun wajajen 1980 Alex Shigo, masanin itatuwa a hukumar gandun daji ta Amurka, ya nuna cewa shafe-shafen nan ba sa hana ruɓewa. Fayin kuwa da nasa maganin a jikinsa.

Abin da na lura ya fi muhimmanci shi ne inda zarto ya bi. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuya, daga nan sabon ɓawo ke fitowa. Ku yanka dab da shi, amma kada ku taɓa shi. Inda na bar dungu mai tsawon yatsa, har yanzu miki a buɗe yake. Reshe mai nauyi kuma ku fara tsarga shi ta ƙasa, ku sauke shi daga nesa kaɗan, sannan ku cire dungun, don kada ya saɓule ɓawo. Adda kam na daina sa ta.

Kada ku datse reshe a tsakiya inda babu ganye kuna jiran ya toho. Fayin ba darbejiya ba ne, bushewa zai yi.

Bana rassa biyu kawai zan cire, busassu. Na goge ƙaron da ya manne wa zarto da kananzir, ina jiran Disamba.