Kowa "ina sha" yake cewa

Aikina a ɗakin masu karɓar maganin HIV, a wani asibiti kusa da Asawase a Kumasi, shi ne gano wanda ke shan maganinsa kullum da wanda ke tsallakewa. A takarda abin ba wuya: ƙwaya ɗaya a rana, TLD, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma kyauta ake bayarwa. Tun 2016 Ghana ta daina jira sai garkuwar jiki ta yi ƙasa. Da gwaji ya nuna cutar, sai a fara magani.

Tambayar kai tsaye ba ta auna komai. "Hajiya, kina sha?" "Ina sha mana, 'yata." Ba ƙarya take nufi ba, kunya ce, kuma ba ta son ɓata wa nas rai. Sai muka sauya salo: "Hajiya, kowa kan manta. A makon nan wace rana ce ta wuce ki?" Nan ne baki ke buɗewa.

Ƙirga ƙwayoyin da suka rage ma ban yarda da shi sosai ba, don mai wayo a hanya yake zubar da saura. Littafin ɗakin magani ya fi faɗin gaskiya: wanda aka ba na kwana 90 ya dawo bayan kwana 110, ko bai ce uffan ba mun san akwai giɓi. Alƙalin ƙarshe kuwa gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne, a wata na 6, da na 12, sannan duk shekara. Idan ƙwayar cutar ta haura 1,000 a kowace mililita ta jini ba a gaggauta sauya magani. Sai mu yi wata uku muna zama da mutum, a sake gwaji tukuna.

A wannan zaman ne na gane cewa mantuwa ba ita ce babbar matsalar ba. Matar da ke gidan haya a Aboabo, ɗakinta manne da na kishiya, ƙarar ƙwayoyi cikin kwalba kaɗai ta isa ta hana ta sha. Mukan ce ta cusa auduga a ciki, ta kuma zaɓi lokacin da babu ido a kanta, ko da bayan asuba ne. Mai fataucin albasa ya tafi Bawku da nufin mako guda, ciniki ya riƙe shi wata. Shi maganinsa a ba shi na watanni da yawa, ya kuma riƙa tafiya da katinsa. Da azumi wasu kan ajiye magani gaba ɗaya, alhali ƙwaya ɗaya ce, ana iya sha da buɗa baki ko da sahur. Shi ya sa tun Sha'aban muke tayar da zancen.

Akwai kuma masu sha tsakani da Allah amma jini bai nuna ba. Masu ciki da ke haɗa maganin ƙarin jini da TLD ba tare da abinci ba, ko masu shan ruwan maganin ƙwannafi, suna rage wa dolutegravir ƙarfi. A sha TLD awa 2 kafin waɗannan magunguna, ko awa 6 bayansu.

Abin da nas ba ta iya yi, 'yan Models of Hope, masu ba 'yan uwansu majinyata shawara da ƙwarin gwiwa, kan yi. Su ma da cutar suke rayuwa, kuma idan ɗayansu ya ce "Yaya, ni ma irinta nake sha," ya fi nasihata shiga.

Maza ne har yau ke ba mu wahala, musamman direbobin manyan motoci. Da yawa lambar wayar da suke bari ba ta shiga. Yanzu tun suna zaune muke kiran lambar mu ji ta yi ƙara, mu kuma shirya da su sunan da za mu kira kanmu idan wani ne ya ɗauka, don ba a ambaton asibiti a waya.