Ciyawa ɗaya, suna biyu

Wallahi yau Hieracium ta so ta juya min kai. Ciyawar Turai ce mai fure rawaya, ni ko a mafarki ban taɓa ganinta a Samaru ba sai hoto. Linnaeus, masanin tsirrai, a 1753 ya kira wani nau'inta Hieracium pilosella, mutanen Kew, cibiyar binciken tsirrai ta Ingila, suka ce a'a Pilosella officinarum ce, gidanta daban, wasu na Amurka kuma har yanzu a gida ɗaya suke ajiye ta da sauran Hieracium. Ga shi tana yin iri ba barbara, 'ya'ya su fito sak uwarsu, shi ya sa wasu ke ɗaukar kowace zuriya nau'i daban har su ƙirga dubbai. Malam ya ce "zaɓi ɗaya ka tsaya, banda tsalle-tsalle". Na bi Kew kawai, data ta kusa ƙarewa.