Shayin rage ƙiba da ƙwayar tazara ba sa ga maciji

Ƙanwata, wata uku da fara shan ƙwayar tazarar haihuwa zobena ya ƙi shiga yatsa, ɗinkin sallata ya matse ni a hannu da ƙirji. A wani gidan biki a Tudun Wada ƙanwar maigidana ta ce, "Anti, lallai gidan Yaya ya karɓe ki." Na yi murmushi, amma da na koma gida sai da na zubar da hawaye.

Maimakon in koma asibitin da aka ba ni ƙwayar, sai na sayi shayin rage ƙiba a hannun wata mai talla a WhatsApp. Na yi makonni ina zaryar banɗaki, ina murna wai teɓa ce ke zubewa. Ashe ruwan jikina ne ke tafiya. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, aikinsa sa zawo. Kuma zawo mai tsanani, ko amai cikin awa 2 zuwa 3 da shan ƙwaya, yana iya hana ta shiga jini. Ban san haka ba. Ɗana na da wata 11 na gane na yi kwanika. 'Yar da na haifa rabo ce, ina gode wa Allah, amma goyo da ciki a lokaci guda ba ƙaramin jigata ni suka yi ba.

Bayan na yi arba'in na zauna da wata nas, na faɗa mata komai. Ta ce, "'Yata, da kin dawo tun farko." Ta fahimtar da ni cewa ƙwaya kan sa jiki ya riƙe ruwa a watannin farko, kuma yakan sauka da kansa, allurar wata uku ce aka fi sani da ƙara ƙiba. Ta auna hawan jinina, ta jero min sauran hanyoyin. Na zaɓi robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da homon, wato sinadarin da ke cikin ƙwaya da allura, duk da ta gargaɗe ni cewa jinin al'ada na iya ƙaruwa. Ke ma idan ƙwayar ba ta karɓe ki ba, kada ki ajiye ta a ɓoye. Ciki na iya shiga a watan da kika daina.

Sauran ƙibar kuwa daga kwanona take. Malmala biyu ta koma ɗaya, na cika gefen da zogale ko rama. Na bar lemon kwalba, na rage dunƙule da gishiri a miya. Sau uku a mako, bayan asuba, ni da maƙwabciyata mukan zagaya Murtala Square da hijabanmu. Sai da aka kusa shekara kafin zoben ya koma yatsana.