Kuɗin sallama a Kamaru: yi lissafinka kafin ka shiga ofishin mai gida

Yawancin ma'aikatan da ake sallama a Garwa, Marwa da Ngaundare suna karɓar abin da aka miƙa musu a ambulan, su yi godiya, su tafi. Direba ne, mai gadi ne, mai jiran kanti ne, a zatonsu kuɗin sallama alheri ne na mai gida. Ba alheri ba ne, haƙƙi ne da doka ta yanke masa ma'auni, kuma duk wanda ya iya lissafin kasuwa zai iya fitar da nasa a takarda ɗaya.

Tushen maganar yana cikin dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992, sashe na 37. Sharuɗɗa uku ne: yarjejeniyar aikin ta zama wadda ba a yanke mata wa'adi ba, mai gida ne ya sallame ka ba kai ka ajiye aiki ba, sannan ka cika shekara 2 a jere a wurin. Wanda ya yi wata 23 ba shi da wannan kuɗi, sai dai sauran haƙƙoƙinsa. Haka wanda aka kora saboda babban laifi, kamar sata. Amma a lura, faɗin mai gida cewa laifin babba ne bai rufe magana ba. In an yi gardama, kotu ce ke auna girman laifin.

Ma'aunin kansa ya zo a umarnin ministan ƙwadago na 26 ga Mayu 1993. Da farko a tara albashin wata 12 na ƙarshe a raba gida 12. A nan ne aka fi cutar mutane, domin wasu masu gida suna ɗaukar tsurar albashi kawai, alhali doka ta ce jimillar abin da ake biya saboda aiki, har da ƙarin daɗewa da kuɗin awannin da aka yi bayan lokacin tashi. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da aka mayar maka don ka kashe su a hidimar aiki, kamar na mota ko masauki a tafiya. Daga wannan matsakaicin albashi, kowace shekara tana da kasonta: kashi 20 cikin 100 daga shekara ta 1 zuwa ta 5, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 30 daga ta 11 zuwa ta 15, kashi 35 daga ta 16 zuwa ta 20, sai kashi 40 daga ta 21 zuwa sama.

Mu ɗauki direban babbar mota da ya yi shekara 12 da wata 6, kuma abin da ya karɓa a wata 12 na ƙarshe ya kama sefa 1,440,000. Matsakaici ya zama 120,000. Shekaru 5 na farko, kowace 24,000, sun ba da 120,000. Biyar na biyu, kowace 30,000, sun ba da 150,000. Saura shekara 2 da rabi a kan 36,000, wato 90,000. Jimilla 360,000. Watanni shidan nan ba a zubar da su, ana lissafa cikakkun watannin da suka hau kan shekara.

Kuskure biyu ne ke haddasa rigima a kan wannan lissafi. Mai gida yakan shimfiɗa kashi 20 a kan dukan shekarun, ya fitar da 300,000, direba ya yi asarar 60,000 bai sani ba. Shi kuma ma'aikaci, in ya ji labarin kashi 30, sai ya ɗora shi a kan shekarun duka, ya zo yana neman 450,000, a ƙaryata shi a gaban sufeton ƙwadago har gaskiyar da yake da ita ta raunana. Hawa-hawa ne kamar matakala, kowace shekara da matakin da ta faɗa. Kuma wannan shi ne mafi ƙaranci; in sana'arku tana da yarjejeniyar gama-gari tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu kamfanoni, kuma kasonta ya fi haka, ita za a bi.

Kuɗin sallama dabam, kuɗin sanarwa dabam. Ma'aikacin rukuni na 1 zuwa na 6, wato ƙananan matakai a jerin matakan albashi, da ya haura shekara 5 yana da sanarwar wata 2 a rubuce, tare da dalilin sallama. In an ce masa ya tafi yau-yau, sai a biya shi albashin watannin, wato direban nan ya ƙara kusan 240,000. Akwai kuma kuɗin hutun da bai ci ba, kwana ɗaya da rabi a kowane wata, da takardar shaidar aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin takarda. Da yawa a kasuwanninmu an ɗauke su aiki da baki, ana biyan su a hannu, ranar sallama sai a ce shekara 7 suka yi alhali 12 ne. Doka ta amince da yarjejeniyar baki, amma sai ka tabbatar da ranar da ka fara. Saboda haka ka adana takardun albashi, lambar rajistarka ta CNPS (asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa), saƙonnin biya ta waya, ko da tsohon katin aiki ne. In an sayar da kamfanin ko magada sun karɓe shi, shekarunka na baya suna nan, ba a sake ƙirga daga farko.

In lissafi bai daidaita ba, matakin farko shi ne ofishin sufeton ƙwadago na yankinku, wanda zai kira ku sulhu. In sulhu ya gagara, zai ba da takardar rashin daidaitawa, da ita ake zuwa kotu, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce. Ko ka riga ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka komai, sashe na 69 na dokar ƙwadago bai ɗauke ta a matsayin yafe haƙƙi ba. Sai dai kada a yi sanyin jiki, domin neman kuɗin yana da wa'adin shekara 3. In kotu ta ga korar ba ta da hujja, tana iya ƙara diyya wadda ba ta gaza albashin wata 3 ba, ba ta kuma wuce na wata 1 a kan kowace shekarar aiki ba.