Abin da nake fara koya wa yaran shagona kafin su taɓa na'ura

Shagona na tabarau yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ƙarami ne, ni da yara biyu sai likitan gwajin ido da ke zuwa mana da yamma, shi ke rubuta lamba mu mu yanka gilashi mu sa a firem. Duk yaron da ya zo koyon aiki idonsa na kan na'urar nan mai kwamfuta, wadda mutum zai ɗora haɓa ta fitar da takarda. Ni kuma wajen allon haruffan gwajin gani da ke bango nake fara kai shi.

Mita 6 ne tsakanin kujera da allon, na sa an shafa fenti a ƙasa saboda kar wani ya ja kujera don ya sha iskar fanka. Ido ɗaya-ɗaya ake gwadawa, dama tukuna, a rufe ɗayan da tafin hannu ba tare da an danne shi ba, don in aka danne sai ya yi dishi-dishi ka rubuta ƙarya. Wanda ya karanta har layin 6/6 lafiya lau, wanda babban harafin sama kaɗai ya gani 6/60 ke nan. Yawancin dattawan da ke zuwa mana daga Batsari ko Jibiya ba su yi boko ba, to allon E muke sa musu, mai harafin E kaɗai da aka jujjuya, ka ce Baba nuna min da hannu ina ƙafafun suka kalla, kuma sai ka yi haƙuri don wani kunya ce ke sa shi cewa yana gani alhali cinta yake.

Sai ɗan faifan nan baƙi mai ƙaramin rami a tsakiya, wallahi duk shagon ba abin da ya kai shi arha kuma ba abin da ya kai shi aiki. In mutum ya leƙa ta ramin ganinsa ya ƙaru, galibi matsalar tabarau ce, tamu ce. In bai ƙaru ba to akwai wani abu a cikin idon, ko yanar ido ko hawan jinin ido ko suga ta taɓa bayan ido, irin wannan mutumin takarda muke ba shi ya tafi asibiti, wasu har Kano asibitin ECWA ko cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Hawan jinin idon nan shi na fi tsoro, galibi ba ya ciwo, gefe-gefen gani yake fara ci, mutum na karanta 6/6 yana makancewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Awon matsin ruwan cikin ido, wanda ake dubawa saboda wannan cutar, daidai yana tsakanin 10 zuwa 21.

Lissafin gilashin kansa ba wuya. Mai alamar ragi na wanda ba ya hango nesa ne, tsakiyarsa siriri gefe kauri, mai alamar tarawa kuma tsakiyar ce mai kauri. Daga shekara 40 karatu ke fara gagara, sai ka ga malami yana nesanta Alƙur'ani da fuskarsa, a fara da +1.00 a hankali har +2.50 wajen shekara 60.

Inda yara ke kasawa shi ne awon tazarar ƙwayar ido biyu, wajen milimita 60 da 'yan kai ne ga babba amma kowa da nasa. In tsakiyar gilashi bai zauna daidai ƙwayar ido ba, ko lamba ta yi daidai mutum zai dawo da ciwon kai yana cewa ƙasa na tashi, shi ya sa tabarau na tire da ake sayarwa a kasuwa ke wahalar da wasu, ido biyu lamba ɗaya aka yi musu. Ban hana mai ƙaramin ƙarfi saya ba in na karatu ne kawai, amma ya bari a duba cikin idon tukuna.

Yanzu hunturu ya shigo, masu ƙaiƙayin ido sun fara layi, su kuma rigimarmu da su ɗaya ce, maganin ɗigawa da suke saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, wani irinsa in aka daɗe ana sawa shi ke kawo hawan jinin idon da kansa.