Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Baba Da Lissafin Kilomita 295

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya na tsaya ne inda motarmu ta baro Kumasi, bayan an rufe makarantar fiziks ta ɗaliban Afirka da aka yi a ƙasar Gana a daminar 2012. Na iso Kaduna da jakar takardu, da tsohuwar kwamfutata, da wani sabon ciwo a kai mai suna nutirino.

Na koma aikina na koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Da rana alli da allo, da dare kuma, idan an kawo wuta, sai in baje takardu a zaure ina maimaita lissafin da aka koya mana. Inna ta zuba mini ido kawai, Yaya kuwa cewa ya yi wanda ya je Gana ya dawo ba ko atamfa, ai yawon banza ya yi. Baba ne kaɗai ya nemi jin bahasi. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, a tashar Kaduna ya ƙare aiki, kuma har ya bar duniya bai yarda da maganar da ba ta da lokacin tashi da lokacin isa ba.

Wani dare bayan lisha ya jawo buzunsa kusa da ni.

"Malam ƙarami, me ake ƙirgawa ne haka ba a gamawa?"

Na ce, "Baba, nutirino ne, wasu ƙwayoyi da ba a gani. Ana harba su daga wani gari a Japan, a tare su a wani garin."

"Nisa nawa?"

Tambayarsa ta farko ke nan, kuma wallahi ita ce tambayar da ta dace. Na ce kilomita 295, daga Tokai a bakin teku zuwa Kamioka cikin duwatsu, shi ya sa ake ce wa aikin T2K. Ya yi shiru yana aunawa, ya ce to ya ɗara Kaduna zuwa Kano. Sai ya tambayi ta inda aka shimfiɗa bututun.

Babu bututu. Nan ne mutane suka fi gardama da ni har yau. Nutirino ba ta da caji, kuma da ƙyar take taɓa wani abu, don haka ratsa ƙasa da dutse take yi ta wuce abinta. Wolfgang Pauli ne ya fara hasashenta a 1930, amma sai a 1956 wasu masana biyu, Reines da Cowan, suka kama ta a gefen wani injin nukiliya a Amurka. A Tokai akwai injin da ke ingiza wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira furoton har gudunsu ya kusa na haske, sannan a maka su kan sandar girafait, irin abin da ke cikin fensir. Daga karon sai wasu ƙwayoyi masu gajeren rai da ake kira fiyon su tarwatso. Wani maganaɗisu mai siffar ƙaho ya tattaro su ya miƙar da su hanya ɗaya, su lalace a cikin wani dogon rami, su haifi nutirino. Duk sauran tarkacen ƙasa ce ke shanyewa. Nutirinon kaɗai ke ci gaba da tafiya.

A can ƙarshen hanya kuma tanki ne na ruwa tan 50,000, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, cikin ramin haƙar ma'adinai. Sunansa Super-Kamiokande. An jera wa bangonsa idanun gilashi fiye da 11,000. Jefi-jefi nutirino ɗaya takan yi karo da wani abu a cikin ruwan, sai a ga zoben shuɗin haske a bango. Nutirino nau'i-nau'i ce: idan gefen zoben ya fita tsaf, nau'in miyuwon ce. Idan ya yi dishi-dishi, nau'in ilektiron ce. Akwai nau'i na uku, tawu, amma ban kai Baba can ba a daren.

Na ce masa abin mamakin shi ne kusan dukkansu nau'in miyuwon ne lokacin da suka tashi, amma idan an ƙirga a Kamioka sai a tarar da yawa sun ɓace, wasu 'yan kaɗan kuma sun rikiɗa sun zama nau'in ilektiron.

Baba ya yi dariya har da tari. "Wato fasinja ya hau jirgi da babbar riga, ya sauka da kaftani, kuma ba a tsaya a kowace tasha ba."

Bai tsaya nan ba. Ya ce wa ya ƙirga su kafin su tashi? Na ce akwai na'urar ƙidaya mita 280 kacal daga inda ake haifarsu. Ya ce to ta yaya aka san wadda ta haska a tankin daga Tokai take, ba daga wani wuri ba? Na ce da agogo. Ana harba su ne rukuni-rukuni, ana rubuta lokacin kowane harbi da agogon GPS, abin da bai zo a kan lokacin ba a ware shi gefe. Wannan ta yi masa daɗi ƙwarai. Sai na ba shi labarin masu wani gwaji mai suna OPERA, masu karɓar nutirino daga cibiyar binciken CERN da ke Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, kimanin kilomita 730, waɗanda a 2011 suka ga kamar ƙwayoyin sun riga haske isa. Duniya ta ɗauka. A 2012 aka gano wata wayar agogo ce ba ta zauna daidai ba. Baba ya ce ai da sun tambayi kowane tashamasta, da agogo zai fara tuhuma. A nawa ganin mutanen ba su yi abin kunya ba, domin su da kansu suka fito da sakamakon suka ce a taya su neman inda kuskuren yake.

Shi kuwa nisan nan na 295 ba da ka aka zaɓi komai a kansa ba. Rikiɗar tana hawa tana sauka ne gwargwadon nisan tafiya da ƙarfin ƙwayar. Tankin yana nan tun 1996, ba ya motsi, saboda haka ƙarfin aka daidaita: aka ɗan karkatar da saitin harbin da digiri 2.5 daga tankin, domin waɗanda za su isa su zo da ƙarfin da rikiɗar ta fi yawa a daidai wannan nisa. Lissafin da nake ta maimaitawa a zaure ke nan. Kuma rikiɗar ba za ta yiwu ba sai nutirino tana da nauyi, komai ƙanƙantarsa, alhali ka'idar da aka daɗe ana koyarwa ta ɗauka ba ta da shi sam. Tankin nan dai shi ya fara ba da ƙwaƙƙwarar shaida a 1998, da nutirinon da ke fitowa daga sararin sama, wani gwaji a Sudbury ta Kanada ya ƙarfafa da na rana, daga baya a 2015 Kajita da McDonald suka karɓi kyautar Nobel a kai.

Tun daga daren nan Baba ya ɗauki T2K tamkar aikin gidanmu. Na gaya masa a watan Yunin 2011 guda 6 kawai suka gani da suka rikiɗa zuwa ilektiron, kuma girgizar ƙasar watan Maris na shekarar ta tsayar da injin na tsawon watanni. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya tambaye ni ko an ƙaru. Cikin azumin 2013, a watan Yuli, aka sanar cewa sun kai 28, inda ba a sa ran su haura 5 in da babu rikiɗar. Na karanta a waya kafin buɗa-baki, na bari sai da ya sha kunu sannan na faɗa masa. Ya ce, "Shekara uku, mutum ɗaruruwa, fasinja 28. Reluwe da ta rufe." Sai ya ƙara da cewa in nemi inda ake koyar da abin nan sosai, in daina ɓata kananzir.

Inna ba ta ji daɗin wannan magana ba, domin a lokacin an fara kai-komo kan batun aurena. Ni kuma na riga na ji labarin cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe irin namu karatun difloma na shekara ɗaya. Yadda na haɗa takardun nema, da zaman da aka yi da kawunnaina a Unguwar Sanusi a kan tafiyar da auren, shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.