Shel na shiga da wanda ba na shiga ba: abin da sabarmu ta koya mini

Muna da ɗan wurin koyar da kwamfuta a unguwar Ƙofar Kaura, a nan Katsina, kuma tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux) ce muka mayar saba, wato kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, a cikinta muke ajiye ayyukan ɗalibai. Ƙananan umarnin da na rubuta don kwafe bayanai suna cikin folda ~/bin (alamar ~ na nufin foldar gida ta mai amfani). In ina gida da dare, ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, nake shiga in duba ta.

Wani dare na shiga, sai na ga rubutu fari fat, launukan da na saba gani sun ɓace, gajerun sunayen da na yi wa umarni ba sa aiki, shi kansa umarnin kwafe bayanai Bash, wato shel ɗin da ke karɓar umarnin da ka buga ya aiwatar, ya ce bai san shi ba. Washegari na zauna gaban kwamfutar na buɗe taminal, tagar da ake buga umarni a ciki, komai lafiya lau. Kwamfuta ɗaya, mai amfani ɗaya, hali biyu.

Dalilin shi ne Bash ba hanya ɗaya yake tashi ba. In ka shiga ta ssh ko ta baƙin allo ka ba da suna da kalmar sirri, shel na shiga ake ba ka. Kamar wanda ya biyo ta zaure ne ya yi sallama, sai an gaya masa ƙa'idar gida. Wanda ya buɗe sabon taminal kuwa dama yana ciki, ɗaki kawai ya sauya. Na farkon yana karanta /etc/profile, sannan ya nemi ~/.bash_profile, ~/.bash_login, da ~/.profile a jere, ya ɗauki wanda ya fara samu ya bar sauran. Na biyun ~/.bashrc yake karantawa.

Wannan "wanda ya fara samu" shi ne duk matsalar. Ubuntu tana zuwa da ~/.profile wanda ke kiran ~/.bashrc, ya kuma saka ~/bin cikin PATH, jerin foldojin da shel ke neman umarni a ciki. Da na duba da ls -a, umarnin da ke nuna har ɓoyayyun fayiloli, sai ga ~/.bash_profile sabo dal mai layi ɗaya. Na tambayi yaran, ɗaya ya ce, "Malam, ni ne, bayanin girka manhajar ne ya ce a saka layin a nan." Ban ga laifinsa ba. Irin wannan bayani sau da yawa masu Mac ake rubuta wa, domin taminal ɗin Mac shel na shiga yake buɗewa kowane lokaci. Fayil ɗinsa ya rufe ~/.profile ruf. Muka mayar da layin inda ya dace, muka goge fayil ɗin, shi ke nan.

Yanzu kafin in zargi komai sai na buga echo $0. In na ga -bash da ɗan layi a gaba, na san ta zaure na shigo. Umarnin shopt login_shell ma yana faɗa, kuma bash -l yana ba ni damar gwada gyara ba tare da na fita ba. Tsarina kuwa: PATH da duk abin da sauran shirye-shirye za su gada suna cikin ~/.profile, gajerun sunaye da launuka suna cikin ~/.bashrc. Akwai masu jibge komai cikin ~/.bashrc, yana aiki, amma duk shel ɗin da ka buɗe cikin wani sai PATH ya ƙara tsawo da maimaici. Ni ba na son haka.

Haka batun umarnin su yake, wanda ke mayar da kai root, wato mai cikakken iko da kwamfutar. Tun Debian 10 ta shekarar 2019 (Debian ce tushen Ubuntu), umarnin su ba tare da ɗan layi (-) ba yana barinka da PATH ɗinka na da, sai ka ga kai ne root amma an ce babu umarnin da ke /sbin, foldar umarnin mai kula da kwamfuta. Buga su - ko sudo -i. Shi kuwa cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ba ya karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan fayiloli, bai san ~/bin ba, shi ya sa aikin kwafe bayanai na ƙarfe 2 na dare nake rubuta masa cikakken adireshin umarnin tun daga /home.